Aikin Tashtemir

A ƙauyenmu in ƙafar kujera ta karye, ko shinge ya kwanta, ko gatari ya fice daga ƙotarsa, sai ka ji wani ya ce, "Aikin Tashtemir," a kwashe da dariya. Har yaran da ba su san ko wane ne Tashtemir ba sun iya faɗa. Ni kam na san shi, ubana ne. Da wannan maganar muka girma, ni da ƙanena Esenali, kuma wallahi ba ta taɓa daina yi mana ciwo ba.

Ata, haka muke kiransa, shi ne masassaƙin cana na kwarin nan kaf. A wancan zamanin tarakta ba ta hawa dajin sama. In sanyi ya kankama, dusar ƙanƙara ta daskare, da cana ake sauko da gumagumai: dogayen ƙafafu biyu na katako masu ɗagaggen hanci, a ɗaure itacen a kai, doki yana ja tana sulɓi. Mutum biyu ke aikin. Ɗaya a gaba riƙe da linzami. Ɗaya a baya da doguwar igiya, wadda ake ɗaurewa a wani kakkauran itace da ya gitta bayan canar, mariƙi muke ce masa. In an zo gangare mai tsanani sai na bayan ya naɗa igiyar a jikin bishiya yana sassautawa kaɗan-kaɗan, don kada kaya su taho da gudu su bi ta kan doki da mai doki. Ran na gaba a hannun na baya yake. Shi ya sa doka ɗaya ce a aikin, kowa ya santa har mu mata: mai igiya ba ya saki.

Ina 'yar shekara goma Ata ya hau gangaren da muke kira Wuyan Raƙumi tare da amininsa Ormon. Ormon ne a gaba, Ata a baya. Da la'asar Ata ya sauko ba doki, ya rataya igiyar gaba a ƙirji yana jan canar da kansa, gawar Ormon a kwance a kai. Gidan Ormon ne na farko in an fito daji, nan ya tsaya. Da kukan matar Ormon ya tara mutane, kowa ya gani da idonsa: mariƙin a karye gida biyu. Ba a tuhumi mai igiya ba, tunda abin da igiyar ke riƙe da shi ne ya ci amana. Amma wa ya sassaƙa mariƙin? Shi ne dai.

Canar da ta sha jini ba a ƙona ta a wurinmu, ba a sake ɗora mata kaya, ba a kuma tsayawa ƙare mata kallo. Rataye ta ake a azarar bargar mai ita, a bar ta da Allah. Haka aka yi. Ata bai ƙara taɓa gizago ba. Ya koma kiwon tumakin gwamnati, ya zama mutum marar magana, in an yi ba'ar nan a gabansa sai ya sunkuyar da kai ya wuce. Esenali na ɗan shekara goma sha biyu ya tono gizagon a ƙarƙashin ciyawa ya fara sassaƙa wani ɗan abu. Ata ya karɓe, ya tafi bakin kogi ya jefa, ya dawo gida.

Duk da haka hannun ya bi jini. Esenali ya je birni ya koyo kafinta, ya dawo gidan Ata ya buɗe shago. Mutanen gari suna sayen taga a wurinsa, suna sayen teburi. Amma ba tsani, ba gadon jariri. Duk abin da rai zai hau, sai su ɗaura wa doki sirdi su tafi ƙauyen gaba. Har ya yi furfura a haka, yana murmushi yana haɗiyewa.

Ni kuma ga inda Allah ya kai ni. Mu ba ma kiran sunan miji, amma tunda labari ya matsa zan faɗa sau ɗaya, kada ku sake nema: Saginbek, ɗan Ormon. Tun muna makaranta muke son juna, na kuma cire rai, don wace uwa ce za ta yarda? Sai ga uwarsa, Apa Bubukan, Apa wato uwa a wurinmu, ta zo gidanmu da ƙafarta, da 'yan kunne ƙulle a gefen ɗankwali, ta saka mini da hannunta, alamar ta kama wa ɗanta mata. Mutane suka ce ba a taɓa ganin mace mai faɗin zuciya irinta ba. Ranar Ata bai iya haɗa ido da ita ba, na ɗauka kunyar mariƙin ce.

Bara waccan, ƙarshen kaka, aka yi wata iska da ta kwantar da rabin dajin Wuyan Raƙumi. Ma'aikatan gandun daji suka ce duk mai son itacen da ya faɗi ya kwasa, amma kada tarakta ta hau, tana yaga ƙasa. To, da me za a sauko da shi? Tsofaffin canonin gari duk sun shiga murhu tun zuwan tarakta, waɗanda suka iya yin su kuma suna maƙabarta. Wasu suka haɗa wata da bututun ƙarfe, ta kife a kwanar farko. Wani shashasha ma murfin mota ya ɗaura wa doki.

A ƙofar kantin Mamirkul ake ta wannan maganar sai Esenali ya ce, "Akwai ɗaya a bargata. Zan sauke ta in yi irinta sak."

Mamirkul, bakinsa ba ya raina abin faɗa, ya ce, "Ta Tashtemir? To ku bari a fara haƙa kabari tukuna. Ƙasa na daskarewa, kada a zo ana wahala."

Aka yi dariya. Kafin azahar maganar ta iso kunnena, na jefar da ludayi na nufi gidanmu, ko mayafin kirki ban yafa ba. Na tarar har ya sauke ta. Tana kwance a tsakiyar shago, ta yi baƙi ƙirin, kashin tsuntsaye ya lulluɓe ta.

Na ce, "Esenali, kanka ɗaya kuwa? Abin da Ata ya mutu bai ɗaga kai ya kalla ba, shi ka sauke?"

Ya ce, "Eje," haka ƙane ke kiran yayarsa a wurinmu, "rufe ƙofa, ɗumi na fita."

"Ba zan rufe ba. Mayar da ita."

"Zo ki gani tukuna." Ya kamo hannuna ya ɗora a kan ƙafar canar. "Shafa ki ji. Ba yanka lanƙwasar nan ya yi da zarto ba. Bishiya ya nemo wadda ta tsiro a lanƙwashe a gefen dutse, jijiyar itacen ce da kanta ta tanƙwaro. Dubi nan kuma, ko ƙusa ɗaya babu. Mutumin da ya yi wannan, Eje, shi ne zai sa ruɓaɓɓen mariƙi? Shekara arba'in da ɗoriya ana zaginsa, ba wanda ya taɓa dubawa."

Na buɗe baki zan ci gaba da masifa, sai na ga wurin da Ata yake sa alamarsa, ɗan zane kamar ƙahon rago. Na juya na rufe ƙofar.

Daga ranar ya daina taga, ya daina teburi. Ya warware tsohuwar gaɓa-gaɓa, ya jera a ƙasa, yana auna kowace da zare da tafin hannu. Ya yi ta yawo a tsaunuka yana neman lanƙwasasshen itace har ƙafarsa ta kumbura, sai da ya samo biyu da suka yi daidai da juna. Ya fere fegi na katako, ya huda, ya dasa. Ya jiƙa kirin fatar bijimi ya ɗaɗɗaure mahaɗai, da ya bushe ya kama kamar an zuba dalma. Ni ke kai masa abinci, don matarsa ta rasu, kuma in ba a tsaya a kansa ba ba ya ci. Sai in same shi yana magana shi kaɗai. "Au, ashe da gangan ka bar sararin nan, tsoho. Don ta yi numfashi in ta hau dutse." Abin da Ata ya ƙi koya masa da baki, ga shi yana koya daga katako. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin ganinsa haka, ban taɓa ganinsa da haske irin na kwanakin nan ba.

Mariƙin ya bari ƙarshe. Wata safiya na shigo na tarar da shi a zaune a ƙasa, gutsattsarin biyu a cinyarsa, ga kwanon ruwan ɗumi ya yi baƙi. Ya wanke su. Toka ce da kashin doki suka bushe a jiki, da suka fita sai ga abin da ke ƙasa.

Ya ce, "Eje, kin taɓa ganin itacen da ya karye da kansa?"

"Wace irin tambaya ce wannan? A daji aka haife ni."

"To yaya bakinsa yake?"

"Tsagewa yake, ya yi gashi-gashi."

Ya juyo mini cikin mariƙin. Gefe ɗaya ne kawai ya tsage. Sauran, fiye da rabi, sara ne. Saran gatari, ƙanana-ƙanana, a karkace, wani kan wani, irin na wanda hannunsa ke rawa.

Ya ce, "Ta ƙasa aka sare shi, inda ido ba ya kai, kafin su hau. Wani ne ya so ya karye. Ki tuna wa ya ci gaba da sassaƙa cana bayan Ata ya bari."

Uban Mamirkul ne. Na tuna sarai.

"Kada ki gaya wa kowa, ko Yaya," wato mijina. "In na nuna yanzu za su ce ni na sara jiya. Bari in sauko da kaya ta Wuyan Raƙumi a idon kowa, su ga aikin Ata ba ya karyewa. Sannan in nuna."

A gida kuwa, tun ranar da labarin sauke canar ya iso, Apa ta canza. Ta haura tamanin amma cinta lafiya, barcinta lafiya, ga faɗa kamar ta ari baki. Sai ta koma zama a bakin taga tana kallon dutse. Ina miƙa mata shayi wata rana ta riƙe hannuna tare da kofin.

Ta ce, "'Yar nan, ki gaya wa ɗan'uwanki ya mayar da abin nan inda ya ɗauko."

"Na gaya masa, Apa. Kin san shi da taurin kai."

"Itace ya ɗauki laifi, ya riƙe shi shekara da shekaru bai yi ƙorafi ba. Ku bar masa kayansa."

Na ɗauka tsohon miki ne ya motsa. Na ce a raina, ki yi haƙuri Apa, kwana kaɗan ya rage ki san gaskiyar wanda ya kashe miki miji. Da ta ga ban yi komai ba sai ta ɗauki sandarta ta tafi da kanta, ina biye da ita. Tun ranar 'yan kunne ba ta ƙara taka gidan nan ba. Esenali ya miƙe da sauri, ya jefa buhu a kan tsohon mariƙin, ya kawo mata kujera. Ba ta zauna ba. Ta dubi sabuwar canar, fara sol tana ƙanshin ƙaro. Ta dubi buhun. Leɓenta ya yi ta motsi.

Ta ce, "Ɗana, ka yi cana, ta yi kyau. A yi aiki da ita. Tsohuwar kuwa ka haɗa ta ka rataye, duk da abin da ke ƙarƙashin buhun nan."

Ya ce, "Apa, duk abin da kika ce in yi a duniya zan yi. Wannan na ubana ne."

Ta daɗe a tsaye kamar za ta ƙara wani abu. Sai ta juya ta fita, ta ƙi yarda in riƙe ta a hanya.

Saura wanda zai shiga gaba. Cana ta gamu, dusar ƙanƙara ta zauna, amma duk mazan garin nan masu cika baki ba wanda ya yarda ya riƙe linzami. Wannan ya ce bayansa na ciwo, wancan ya ce dokinsa na tari. Muna cin abincin rana mijina ya ce, kamar mai zancen gishiri, "Ni zan shiga masa."

Na ajiye burodin hannuna. "Ba za ka shiga ba."

"Shayir, mutumin nan ƙanena ne tun kafin in aure ki. In ni ɗan Ormon na shiga gaban canar Tashtemir, bakin kowa ya mutu."

"In kai ma ka mutu fa? Ka tsufa, gwiwarka ɗaya ce mai aiki. Ka bar wa yara."

"Yaran wa? Namu?"

Nan ya kama ni. Apa ta ture kwanonta ta tashi. Shi kuwa ya ci gaba da cin abincinsa, har da neman ƙari.

Ranar da aka sa, gari ya waye garau, sanyi na yanka hanci. Kusan duk ƙauyen ya taru a gindin Wuyan Raƙumi, mata da borsok, soyayyen burodinmu, da tulunan shayi kamar ana biki, wasu kuma na san abin da suka zo gani. Apa ta ce sai an kai ta. 'Ya'yana maza biyu suka ɗora ta a doki, suka shimfiɗa mata fata a kan kututture. Esenali ya ba ni wani ƙunshi a buhu ya ce in riƙe masa. Na san abin da ke ciki.

Daga ƙasa ana hango gangaren duka: doguwar farar hanya tsakanin bishiyoyi, ta lanƙwasa a tsakiya, hagunta kwazazzabo ne wanda ba a ganin ƙasansa. Sai da rana ta ɗaga sosai suka ɓullo. Manyan gumagumai suka ɗora, har mutane suka fara gunaguni cewa kayan sun yi yawa. Mijina a gaba yana ɗingishi yana yi wa doki magana. Ƙanena a baya, daga bishiya zuwa bishiya, ya naɗa, ya sassauta, ya kwance, ya ruga ya naɗa a ta gaba. Ina jin kukan katako tun daga nan. Mutum biyu nake da su a duniya bayan 'ya'yana, ga su can igiya ɗaya ta haɗa su.

A lanƙwasar ne abin ya so ɓaci. Bishiyar wurin ƙanƙara ta lulluɓe jikinta, igiyar ta zame. Canar ta yi tsalle gaba, dokin ya zauna a kan ɗuwawunsa yana haniniya. Muka ga an fizge Esenali ya faɗi rub da ciki, igiyar na jansa, ƙafafunsa na tone dusar ƙanƙara, kai tsaye zuwa bakin kwazazzabo. Wata mata ta yi salati. Ya yi ta tafiya har sai da ƙafarsa ta samu wani saiwa ta tokare. Ya tsaya. Canar ta tsaya, hancinta na taɓa ƙafar dokin. Mariƙin ya yi ƙara kamar zai yi magana, amma bai karye ba.

Da suka iso ƙasa maza suka rufe su. Ana shafa canar, ana leƙa ƙarƙashinta, ana jijjiga mariƙi, ko motsi. Safar hannun Esenali ta yage, tafinsa duk jini, amma dariya yake. Mijina ya rungume shi yana dukan bayansa. Wani dattijo ya ce, "Kai, wannan cana ce." Har Mamirkul ya matso yana sosa ƙeya, ya ce, "To, an fasa kabarin ke nan."

Da ma a nan aka tsaya.

Esenali ya karɓi buhun a hannuna, ya hau kan gumaguman, ya ɗaga gutsattsarin biyu sama. Ya ce, "Wannan da kuka gani yau, kwafin ta ubana ce, ban ƙara ba ban rage ba. Ga kuma mariƙin da kuka ce ya karye. Ku matso, duk kun san gatari. Ku gaya mini karyewa ce ko sara."

Aka miƙa daga hannu zuwa hannu. Surutu ya mutu. Da ya iso wurin mijina ya daɗe yana juya shi, yana bin saran da babban yatsa. Fuskarsa ta koma wata iri da ban taɓa gani ba.

Ya ce a hankali, "Wa ya sara?"

Esenali ya ce, "Yaya, tambayi wanda ubansa ya gaji cinikin ubana."

Duk ido ya koma kan Mamirkul. Ya ja da baya yana cewa, "Kai, kai, ku ji tsoron Allah, ubana yana kabari." Na ga 'ya'yana biyu sun fara takawa wajensa, babban da sandar juya gungume a hannu. 'Ya'yan Mamirkul su ma suka fito daga cikin taro.

"Ni na sara."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma kowa ya ji. Apa ce, tana zaune a kan kututturenta, hannu biyu a kan sanda.

Mijina ya ce, "Apa, sanyi ne ya taɓa ki. Bari a kai ki gida."

"Rufe mini baki. Kai kuma, jikana, ajiye sandar nan kafin in tashi." Ta juya wajen Esenali. "Na zo har shagonka in gaya maka, bakina ya ƙi. Ba kafin su hau aka sara ba. A ƙofar gidana aka sara, mijina yana kwance a kai."

Ta numfasa. Ta ci gaba.

"Ubanku ya zo yana jan canar. Na fito na ga abin da ke kai. Na duba baya, na ga mariƙi lafiya lau, igiya a ɗaure tana jan ƙasa, ko zare ɗaya bai tsinke ba. Ni 'yar mai igiya ce, ba sai an gaya mini ba. Na ce, Tashtemir, ka saki. Ya ce, na saki. A lanƙwasar nan ne, bishiyar nan da kuka gani yau. Igiyar ta zame ta fara jansa bakin kwazazzabo. Ya ce ya tuna yara biyu a gida, sai ya ga hannunsa a buɗe."

Yara biyu. Ni da Esenali ke nan.

"Ƙannen mijina uku ne, tsofaffin cikinku sun san su, sun san bindigoginsu. Da sun ga igiyar nan da Tashtemir bai kai magariba ba. Su a kwashe su kurkuku, ɗana ya tashi da ramuwa a wuya, waɗannan biyun su tashi da tasu. Na ɗauko gatarin faskare na durƙusa na sara. Ban iya ba, kun ga saran. Shi ya taka ya ƙarasa. Na shafe da toka da kashin doki, sannan na buɗe baki na yi kuka. Abu ɗaya na ce masa, kada ya ƙara taɓa gizago. Ya riƙe wannan, har ya mutu bai saki ba." Ta miƙa wa babban ɗana hannu. "Ɗaga ni. Canarsa ba ta da laifi, Esenali. Abin da kake so a sani ke nan, to an sani."

Esenali yana nan a tsaye a kan gumaguman, jini na ɗiga daga yatsunsa a kan farin katako. Mutane suka fara zamewa biyu-biyu, uku-uku, mata na tattara tulunan da ba a sha ba. Mijina ya ajiye guntun mariƙin a kan dusar ƙanƙara a hankali, ya kwance dokinsa, ya ja shi ya tafi. Bai dubi Esenali ba. Ni ma bai dube ni ba.

An kwashe itacen Wuyan Raƙumi tas a sanyin nan, da canonin Esenali. Har daga wasu kwaruruka ake zuwa a ce ya yi musu, an kawo masa aikin tsani, an kawo na gadon jariri. Yana yi, hannunsa bai canza ba, amma ya daina magana da katako. Ya haɗa tsohuwar ya mayar azara shi kaɗai. Ba'ar nan kuma ta mutu. In kujera ta karye yanzu sai a yi shiru a ɗauke ta, ba mai kiran sunan Ata ko da alheri ko da sharri. Da, ubana mutum ne da ya yi kuskuren aiki, ana dariya a wuce. Yanzu shi ne mai igiyar da ya saki, wannan kuwa ba a yin dariyarsa. Wallahi akwai ranakun da nake kewar zagin.

Mijina bai yi mini faɗa ba, bai ɗaga murya ba, bai raba ɗaki ba. Da ma ya yi, da na san abin da zan mayar masa, don baki ban rasa shi ba. Sau ɗaya ya taɓa maganar, muna ba tumaki ciyawa. Ya ce, "Ba laifinki ba ne, Shayir. Kina yarinya." Na ce, "Na sani." Ya ce, "Ni ma na sani." Ya ci gaba da watsa ciyawa.

Amma mu hannu da hannu ake ba da shayi, kowa ya san haka. Shekara talatin da wani abu ina zuba masa, yana karɓa, wani lokaci ya haɗa da yatsuna ya matse don tsokana ko da uwarsa na zaune. Apa har gobe tana karɓa daga hannuna kamar yadda ta saba tun ranar da na shigo gidan, ita da ta san komai tun farko. Shi kuwa in na miƙa sai ya sami abin yi, ya gyara hula, ya gutsuri burodi, ya dubi taga. Ba na jin ma ya san yana yi. Sai na gaji na ajiye kofin a kan shimfiɗa na janye hannuna, sannan ya ɗauka.